Abin da na gani a tsokar idon rago

Assalamu alaikum jama'a. Wani abokina ne ya dame ni wai sai na rubuta labarin aikina, dan a cewarsa mutane da yawa ba su ma san akwai irin wannan sana'ar ba, to ga shi nan dai yadda ya zo min, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ni gidanmu fawa muka gada. Baba mahauci ne, kakana mahauci ne, ƙannen Baba duk suna cikin harkar, wasu a kwata wasu a bakin tukuba. Tun ina firamare ake tashina da asuba na bi su, aikin yara a lokacin shi ne riƙe ƙafa in ana fiɗa, da wankin kayan ciki, da babbakar kai da ƙafa wadda ita ce na fi tsana saboda hayaƙi, sai da na ɗan tasa aka fara ba ni wuƙa. Mahauci da hannu yake sanin nama ba da ido kaɗai ba, ya san inda tsoka ta ƙare agara ta fara, ya san layin da in wuƙa ta bi cinya za ta rabu gida-gida ba tare da an ɓata ko tsoka ɗaya ba, kuma ba wanda zai zaunar da kai ya koya maka, kallo ne da faɗa da ranƙwashi.

Da na gama sakandare Baba da kansa yace na ci gaba da boko, wai 'ya'yansa maza sun isa riƙe masa wuƙa ko ba ni. Na shiga foli na karanta fasahar aikin ɗakin gwaje-gwaje, na sha tsokana wajen 'yan ajinmu, ɗan runda kaza ɗan runda kaza, ban taɓa damuwa ba tunda in an zo firaktikal na feɗe ɓera ko zomo duk wurina suke taruwa. Bayan hidimar ƙasa Allah Ya ba ni aiki a sashen nazarin sassan jikin dabbobi na tsangayar likitancin dabbobi a wata jami'a a nan arewa, a matsayin teknishan. Aikina shi ne a kawo min ɗan yankin nama na jiƙa shi a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, na bi da shi ta cikin barasar leb wato ɗakin gwaje-gwaje mataki-mataki har ruwan jikinsa ya fita, na binne shi a narkakken kaki, in ya daskare na ɗora a injin yanka da muke ce wa maikurotom na dinga fitar da shi falle-falle, kowane falle kaurinsa bai wuce maikuron 10 ba wato kashi 1 cikin 100 na milimita, na ɗora a gilashi na rina shi, sannan malamai da ɗalibai su duba a madubin likita. Shikenan aikin, kullum haka.

Akwai wani dattijon malami a sashen, Oga muke ce masa kawai, shi harkar jijiyoyin saƙo ce ta dame shi. Wata rana ya ba wani ɗalibinsa na digiri na biyu aikin ciro tsokokin da ke juya ƙwayar idon rago, yana so a fito da kowace ɗaya cikakkiya tun daga tushenta can cikin ƙoƙon ido har inda ta manne a jikin ƙwayar, yaron nan ya ɓata kawuna ba adadi, ko ya tsinke ta ko ya haɗo da kitse ya kasa gane wacce ce wacce. Nace masa Malam kawo na gwada. Na fasa ƙashin ta sama yadda muke yi in za a ciro ƙwaƙwalwa, na bi a hankali na zare su, guda 6 ɗin da kowa ya sani huɗu miƙaƙƙu biyu karkatattu, da kuma wata da ke naɗe da jijiyar gani wadda ke jan ƙwayar idon ta koma ciki, ita wannan rago da akuya da saniya da kare da kyanwa duk suna da ita amma mu 'yan Adam ba mu da ita. Oga ya zo ya tsaya a kaina yana kallo, yace Malam a ina ka koyi wannan, nace ranka ya daɗe a kwata. Tun daga ranar duk wani aikinsa ni yake kira.

Da na yanka tsokar na rina, shi ya zaunar da ni a gaban madubin yace duba nan. A tsakiyar manyan zaruruwan tsoka da suka cika ko'ina sai ga wani ɗan zagaye mai kwanso, a cikinsa akwai 'yan siraran zaruruwa kaɗan suna zaune a cikin ruwa. Yace in ka bi wannan abin falle bayan falle ka haɗa hotonsa a ranka za ka ga tsakiyarsa kumburarre ne bakinsa biyu tsukakku, sak mazarin da tsofaffi ke kaɗi da shi, shi ya sa ni har yau mazarin tsoka nake ce masa in ina wa ɗalibai bayani. Yana kwance ne a jere da sauran zaruruwan, in aka ja tsokar ta miƙe shi ma ya miƙe, jijiyar saƙon da ta nannaɗe tsakiyarsa sai ta aika wa laka da ƙwaƙwalwa cewa tsokar nan ta ƙara tsawo kaza kuma da sauri kaza. Abin da ya fi burge ni ma shi ne siraran zaruruwan nan na ciki suna da nasu jijiyoyin umarni daban, in babbar tsokar ta tsuke su ma a tsuke su dan kar mazarin ya saki ya daina aiki, wani likita ɗan Suwidin mai suna Lars Leksell ne ya nuna aikin waɗannan jijiyoyin a 1945. Shi kansa mazarin tun wajen 1862 da 1863 masana irin su Kölliker da Kühne suka gan shi, amma sai a 1894 Sherrington na Ingila ya tabbatar da cewa aikinsa jin abin da ke faruwa a tsoka ne.

Shi wannan tsawo yake aunawa. Akwai ɗan uwansa da ke auna ƙarfin ja, kuma gaskiya ni shi na fi so duk da ya fi wahalar samu. Yana zaune ne daidai inda tsoka ke ƙarewa farar jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi ta fara, wato wurin nan da wuƙar mahauci ke sauya sauti. Tsawonsa bai fi milimita 1 ba, wani lokacin bai ma kai ba, a cikin kwansonsa zaruruwan farar jijiyar a tufke suke, jijiyar saƙo guda ta shiga ta rarrabu a tsakaninsu, zaruruwan tsoka kamar 10 zuwa 20 ne ke ɗaure a bakinsa, da sun tsuke sai tufkar ta matse jijiyar ita kuma ta aika saƙo. Camillo Golgi ɗan Italiya ne ya bayyana shi a 1880 shi ya sa ake kiransa da sunansa, mu dai a leb ma'aunin Golji muke cewa. Mutumin nan fa shi ne kuma ya gano alaƙar dawowar zazzaɓin cizon sauro da lokacin da ƙwayoyin cutar ke fashewa a cikin jini, kuma ya ci kyautar Nobel a 1906, to kun ga mu ma ya taɓa mu ta wani gefen. Da can ana koyar da cewa ma'aunin nan birki ne kawai, wai ba ya motsi sai an yi wa tsoka lodin da zai iya tsinka ta, har yanzu akwai tsofaffin hanawut da ke yawo a hannun ɗalibai da wannan maganar, alhali tun 1967 Houk da Henneman a Amurka suka nuna a tsokar ƙafar kyanwa cewa ko 'yan zaruruwa kaɗan ne suka tsuke yana ji yana faɗa. Kenan ko cokali ka ɗaga yana aiki, ba sai buhun masara ba.

To ga inda abin ya fara rikita ni. An kawo mana wata kyanwa da mota ta buge ta mutu a asibitin dabbobi, Oga yace na yi mata irin aikin da na yi wa ragon. Na ciro tsokokin idon na yanka su kaf tun daga farko har ƙarshe ban tsallake falle ko ɗaya ba, na zauna ina dubawa har idona ya fara ruwa, babu mazari ko guda, babu ma'aunin Golji. Na same shi a ofis nace Oga wallahi na bi ko'ina babu, ko dai na sake wata. Ya yi dariya yace ko kyanwa ɗari ka yanka ba za ka samu ba, haka Allah Ya yi ta. Wai ashe tsokar idon kyanwa da kare da zomo da ɓera duk ba su da mazari, amma dabbobi masu rababben kofato, tumaki da awaki da shanu da alade, tasu cike take da shi har da ma'aunin Golji. Mutum kuma yana tsakiya, yana da mazari a tsokar ido amma kaɗan ne kuma ƙirarsa ba ta cika kamar ta sauran jiki ba, ma'aunin Golji kuwa ba a samunsa a wurin. Abin da mu da biri da kyanwa muke da shi a bakin tsokar idon wani irin rarraben bakin jijiya ne daban da ake kira falised, wani masani ɗan Rasha Dogiel ya bayyana shi a 1906.

Ni wannan ne ya sauya min kallon da nake wa littattafan da muke koyarwa da su. Dan yawancin abin da duniya ta sani a kan waɗannan 'yan abubuwa daga kyanwa aka samo shi, ita ce masana suka fi yin gwaji da ita shekara da shekaru, sai ɗalibi ya haddace na kyanwa ya ɗauka haka kowace dabba take, ga shi kuma shi likitan dabbobi a nan arewa shanu da tumaki da awaki da raƙuma zai yi ta gani har ya yi ritaya. Ko a cikin mazarin kansa akwai bambanci, na ɓera siraran zaruruwan ciki yawanci 4 ne, na kyanwa sun kai kamar 6, na mutum kan wuce haka. Turawan ma da suka so jin saƙon da ke fitowa daga mazarin tsokar ido a farkon shekarun 1950, wato Sybil Cooper da Daniel da Whitteridge, dole suka ajiye kyanwa suka koma kan akuya, akuyar nan dai da ke cinye mana shanya a tsakar gida.

Kuma ku gwada wani abu in kuna da akuya ko tunkiya a gida. Ku kalli baƙin idonta, a kwance yake ba zagaye ba. To ku jira ta sunkuyar da kai tana cin dusa ku leƙa ta gefe, za ku ga baƙin idon bai sunkuya tare da kan ba, yana nan a kwance daidai da ƙasa, ƙwayar idon ce ke juyawa a cikin ƙoƙonta. Wasu masana a jami'ar Kalifoniya sun yi rubutu a kan haka a 2015, suka ce juyawar kan kai digiri 50 ko fiye, dan dabbar ta ci gaba da ganin fili ta kowane gefe ko kura na tahowa. Ni a nawa tunanin dabbar da ke wuni kai a ƙasa ido na ta wannan juyin ba abin mamaki ba ne a ce tsokar idonta ta fi ta kowa ma'aunai, na faɗa wa Oga haka yace to doki fa da zomo, su ma ai kiwo suke, je ka ƙara tunani. Haka yake, ba ya barin mutum ya ji daɗin hujjarsa.

Daga ido muka koma sauran jiki, nan ma rabon ba daidai yake ba ko kaɗan. Mu a kasuwa cinya ce mai daraja, amma in ana maganar yawan mazari a kowane giram to manyan tsokokin cinya da ɗuwawu su ne matalauta, masu arzikin su ne 'yan ƙananan tsokokin da ke can ƙarƙashin ƙeya masu haɗa ƙoƙon kai da ƙasusuwan wuya na farko, waɗanda mahauci ba ya ma kula su, tare da ƙashi ake daddatse su a zuba a farfesu. A kyanwa haka ne, a mutum haka ne, kuma da na yanka na rago haka na gani, wani wurin ma mazari biyu uku a manne da juna. Ƙananan tsokokin tafin hannun mutum su ma suna da shi da yawa. Tsokokin da ke rufe muƙamuƙi suna da shi sosai, wadda ke buɗe shi kuma kusan babu, tsokokin fuska da muke murmushi da ɓata rai da su babu, tantanin numfashin nan da ya raba ƙirji da ciki kaɗan ne a cikinsa amma tsokokin tsakanin haƙarƙari suna da yawa. Duk inda ake buƙatar sanin matsayin abu daidai-wa-daida nan aka tara su.

Duk wannan a wurina ilimin gilashi ne kawai har sai da ciwon suga ya ci ƙarfin Baba. Ya daɗe da shi yana wasa da magani, yau ya sha gobe yace ya gaji. Sai muka lura in zai fita sallar asuba kuma ba wuta yana dafa bango yana tangaɗi, da rana kuwa lafiya lau yake tafiya sai dai kansa a ƙasa yana kallon ƙafafunsa, takalmi ya sha zame masa a hanya bai sani ba sai an nuna masa. Mutanen gida har an fara cewa ko jifa ne, ko iska, wata gwaggonmu ta kawo hayaƙi. Na kai shi asibiti, likitan yace Baba dan Allah tashi ka tsaya ka haɗe ƙafafunka, ya tsaya cak, yace to rufe idonka, kafin ka ce me ya tafi luu sai da na tare shi. Ya zaunar da shi ya ɗauko 'yar gudumar nan ta roba ya buga masa a agara, ƙafar ko motsi. Ya kama babban yatsan ƙafar yana ɗagawa yana saukewa yace Baba sama ne ko ƙasa, Baba yace likita ni fa ƙafar nan ina takawa ne kawai amma ban san na taka ba.

Wallahi a wurin jikina ya yi sanyi, dan na san ainihin abin da gudumar nan ke tambaya. Bugun yana ɗan jan tsokar ne farat ɗaya, mazari ya ji ya aika laka, laka ta dawo da umarni tsokar ta zabura, tun 1875 likitocin Jamus biyu Erb da Westphal suka bayyana wannan gwajin. A ƙafar Baba suga ya lalata dogayen jijiyoyin da ke ɗauko saƙon, tsokar na da sauran ƙarfinta amma labarinta ba ya isa sama, shi ya sa ido ya karɓi aikin, in duhu ya yi kuma ba mai karɓa.

Da na ba Oga labari sai ya ba ni labarin wani Bature mai suna Ian Waterman, wanda a 1971 yana ɗan shekara 19 wata rashin lafiya ta kashe masa irin waɗannan jijiyoyin tun daga wuya har ƙasa, ba shanyewa ya yi ba amma in bai kalli hannunsa ba bai san inda yake ba, a hankali ya koya wa kansa zama da tafiya da ido zalla, in aka kashe fitila kuwa sai ya zube. Kuma sana'arsa a lokacin fawa ce, a tsibirin Jasi da ke tsakanin Ingila da Faransa. Da na faɗa wa Baba wannan sai da ya yi dariya yace ashe Turawa ma suna da rundawa, ya tambaye ni ko shi ma suga ne nace a'a nasa daban ne. Abin da muka yi dai shi ne muka tsaya a kan maganinsa da abincinsa ba wasa, muka sa fitila mai caji a soro da banɗaki, ya koma takalmi mai rufi da maɗauri, ga sanda ga tocila in zai fita masallaci, kullum da daddare ƙanwata tana duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko ya taka wani abu bai ji ba. Wuƙa kam mun karɓe ta, da ƙyar, yanzu zama yake yana karɓar kuɗi yana yi wa yara faɗa. Jin bai dawo ba amma bai sake faɗuwa ba, alhamdulillahi.

A shekarar 2021 da aka ba Ardem Patapoutian kyautar Nobel, haifaffen Bairut ne da ke aiki a Amurka, ɗalibai suka zo suna tambaya wai me ya gano. Wata 'yar ƙofa ce a fatar jijiyar saƙo da ake kira PIEZO2, in aka matsa ta ko aka ja ta sai ta buɗe saƙon lantarki ya tashi, kuma a 2015 shi da abokan aikinsa sun nuna a jikin ɓera cewa ita ce ke bakin jijiyar mazari da ta ma'aunin Golji, ɓerayen da aka cire musu ita ƙafafunsu kowace ta kama gabanta. To kun ga ƙofar iri ɗaya ce a ɓera da mutum, inda aka bambanta shi ne a wace tsoka aka sa ma'aunan kuma guda nawa.

Oga ya yi ritaya yanzu, amma kafin ya tafi ya bar wa wata ɗaliba aikin raƙumi, ni nake taya ta. Samun kan ba wuya tunda ana yanka raƙuma a kwatar Kano kuma ina da 'yan uwa a harkar, wahalar ita ce a ba ka shi da ɗuminsa kafin masu saye su yi caa a kai, sannan ka ciro idon da tsokokinsa ka jefa a fomalin nan take dan in ya jima a zafin nan namu jijiyoyin sun lalace kenan. Ƙoƙon idon raƙumi zurfi gare shi ga kitse, tsokar kuma doguwa ce, guda ɗaya sai ta ba ka falle dubbai, ga matsalar wuta da ke sa kaki ya daskare ana tsakiyar aiki. Mazari kam mun same shi da yawa tun a tsokar farko. Ma'aunin Golji ne ya ba mu wuya, sai makon jiya da yamma ta ƙwala min kira daga ɗaya ɗakin, Malam zo ka gani ko shi ne, na leƙa na ga kwanson da tufkar a daidai bakin farar jijiyar nace shi ne Hajiya, sa masa lamba kar ya ɓace. Saura tsoka huɗu a cikin kaki ba mu taɓa ba, in an kawo wuta ranar Litinin za mu ɗora ta gaba a inji.